Ja, Ruwan Ɗorawa da Kore: Shin Ya Dace a Rina Rubutun Dasasshiyar Kwamfuta?

Duk wanda ya shiga ɗakin ajiyar maganin rigakafi a gari irin Isa ko Sabon Birni, ko ya tsaya gindin tankin burtsatse mai aiki da hasken rana, ko ya leƙa rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, to ya yi kusa da kwamfuta ko da bai gane ta ba. Ba ta da babban allo, ba ta da madannai. Tana ɓoye ne cikin akwatin da ke daidaita cajin batir, cikin inbata, cikin na'urar POS, da cikin ma'aunin da ke lura da sanyin firiji. Ana iya kiranta dasasshiyar kwamfuta, domin an dasa ta ne cikin wata na'ura don ta yi aiki ɗaya tak, dare da rana, ba tare da kowa ya kula da ita ba sai ranar da abu ya lalace.

A ranar da abu ya lalace ɗin, mai gyara yakan zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya jona kebul a wata 'yar kafa da ke jikin na'urar. Sau da yawa wayoyi uku ne kacal ke aikin: ɗaya ta aikawa, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta ƙasa. Nan take sai rubutu ya fara zubowa layi bayan layi a kan baƙar taga, na'urar tana ba da labarin kanta: ƙarfin batir kaza, zafi kaza, fanfo ya tashi, fanfo ya tsaya. Idan mai gyara ya buga wata kalma ta umarni, sai ta ba shi amsa. Wannan taga ita ce tagar umarni, kuma ita ce bakin da dasasshiyar kwamfuta ke magana da shi.

To, daga cikin abubuwan da ɗalibi mai koyon wannan fanni ke saurin sha'awa akwai rina wannan rubutu, wato ya sa saƙon kuskure ya fito ja, na jan kunne ya fito ruwan ɗorawa, na lafiya ya fito kore. Wasu malamai na ganin wannan wasan yara ne da ɓata lokaci. Ba su yi daidai ba, domin launi yana da amfani na gaske, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Sai dai ɗalibin da ya ɗora wa launi dukan nauyin saƙo shi ma ya yi kuskure, kuma nasa kuskuren ya fi haɗari, musamman a yanki irin gabashin Sakkwato. Launi mai rakiya ne. Kalma ce ke ɗauke da kaya.

Yadda ake rinin

Kebul ɗin da ke tsakanin na'ura da kwamfuta ba ya ɗaukar launi. Lambobi kawai yake ɗauka, kowace lamba tana wakiltar harafi ɗaya bisa tsarin ASCII: 65 shi ne babban A, 48 shi ne sifili, haka dai. Daga cikin lambobin nan akwai waɗanda ba su da siffar da ido zai gani. Ɗaya daga cikinsu ita ce lamba 27, wadda ake kira ESC. Aikinta shi ne ta gaya wa tagar cewa haruffan da ke biye umarni ne, kada a buga su a allo.

Alal misali, idan na'ura ta aika ESC, sa'an nan [31m, to tagar za ta fahimci cewa daga nan duk abin da ya zo a rubuta shi da ja. Haruffa biyar ke nan. Idan aka gama, sai a aika ESC da [0m, haruffa huɗu, don a koma launin asali. Lambobin launin rubutu takwas ne, daga 30 zuwa 37: 30 baƙi, 31 ja, 32 kore, 33 ruwan ɗorawa, 34 shuɗi, 35 shunayya, 36 shuɗi mai haske da ya karkata zuwa kore, 37 fari. Daga 40 zuwa 47 kuma launin bayan rubutu ne, bisa wannan jerin.

Wannan dabara tsohuwa ce. Ƙungiyar ECMA ta Turai ta fitar da ƙa'idar farko, mai lamba 48, a 1976, hukumar ANSI ta Amurka ta fitar da tata a 1979, shi ya sa har yau ake cewa lambobin ANSI. Allon VT100 na kamfanin Digital Equipment Corporation, wanda ya fito a 1978, shi ya yaɗa tsarin a duniya, duk da cewa shi kansa ba ya nuna launi. Abin mamaki, kusan shekara hamsin bayan haka, wayar hannu ta canza, intanet ta canza, amma ESC [31m yana nan yana nufin ja.

Nawa ne kuɗin rinin? A saurin 9600, wanda aka saba da shi a ƙananan na'urori, kowane harafi na cin bit goma idan aka haɗa da na buɗewa da na rufewa, wato haruffa 960 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Haruffa tara na rini ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. A saurin 115200 kuwa ba abin magana ba ne. Inda ake jin nauyin shi ne wurin ajiya. Allon Arduino Uno, wanda ɗalibai da yawa ke fara koyo da shi, yana da bayit 2048 ne kawai na ƙwaƙwalwar aiki. Ɗalibin da ya maƙala haruffa taran nan a jikin saƙonni ɗari, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya tura rubutun zuwa ma'ajiyar shiri ba, ya cinye bayit 900, kusan rabin abin da yake da shi. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta ɗan shiri guda wanda shi kaɗai ke aika lambar launi, sauran saƙonni su riƙa bi ta hannunsa. Wannan tsari yana da wata fa'ida da za ta bayyana nan gaba.

Jar akuya cikin fararen tumaki

Hujjar masu goyon bayan launi tana da ƙarfi, kuma kimiyya na tare da su. A 1980 masana halayyar ɗan Adam biyu, Anne Treisman da Garry Gelade, sun wallafa binciken da ya nuna cewa idan abin da ake nema ya bambanta da sauran ta siffa ɗaya bayyananniya, kamar launi, ido na cafke shi nan take, kuma yawan sauran abubuwan bai cika ƙara lokacin neman ba. Amma idan sai an haɗa siffofi biyu ko fiye kafin a gane shi, to dole ido ya bi su ɗaya-ɗaya, lokaci kuma ya ƙaru da yawansu.

Makiyayi bai buƙaci ɗakin bincike ba kafin ya san haka. A saki jar akuyar Sakkwato, wadda mutanen ƙetaren iyaka ke kira ta Maraɗi, cikin fararen tumaki ɗari biyu. Yaro ma zai nuna ta daga nesa. Haka layi ɗaya ja yake cikin layuka ɗari biyu farare. Mai gyaran da ya sha tafiya daga birnin Sakkwato, yana son ya gama ya kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba saboda halin tsaron da hanyoyin yankin suka shiga a shekarun nan, minti goman da jan layi ya rage masa ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ce launi ado ne kawai bai taɓa zama yana bin layuka dubu da ido yana neman guda ba.

Amma a mayar da akuyar nan cikin garken jajayen awaki a kasuwar dabbobi ta Sabon Birni, sai a ga ko mai ita sai ya duba kunne da ƙafa kafin ya gane ta. Wannan shi ne laifin farko na sabon marini: ya samu baba, sai ya tsoma komai. Lokaci shuɗi, sunan na'ura shunayya, lambobi kore, kanun magana ja don ya yi kyau. Ranar da kuskure na gaske ya zo, jansa ya ɓace cikin bakan gizo. Ko kayan aikin ESP-IDF, da ake shirya ƙwaƙwalwar ESP32 ta kamfanin Espressif da su, waɗanda suka ware ja ga kuskure da ruwan ɗorawa ga jan kunne, sun ba layukan bayani na yau da kullum kore, har taga takan cika da kore fal. Ana iya jayayya da wannan zaɓi. Layin da ba ya buƙatar kowa ya tashi tsaye bai kamata a rina shi ba sam. Launi biyu sun isa, uku shi ne iyaka.

Inda launi ba ya zuwa

Yanzu ga babbar magana. Wanda ya rubuta shirin yana zaune ne a inuwa, gaban allo mai kyau, da manhaja irin PuTTY ko Tera Term da ke fahimtar lambobin ANSI. Yana ɗauka kowa haka zai ga rubutun. A ƙasar Gobir kuwa saƙon na'ura yakan bi hanyoyi da yawa kafin ya isa ga wanda zai yanke hukunci, kuma kusan dukansu ba sa ɗaukar launi.

Hanya ta farko ita ce murya. Ba kullum mai gyara ke iya zuwa ba. Sau da yawa ma'aikacin lafiya ko mai kula da fanfo ne zai buga waya ya karanta abin da ya gani. Idan layin ya ce "zafi 11" kawai, kuma jan launi ne kaɗai ke nuna akwai matsala, to mai karantawa zai ce "zafi goma sha ɗaya" da muryar da zai ce "batir goma sha biyu", ya wuce. Alhali yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, firijin da ya kai 11 yana kan hanyar lalata abin da ke cikinsa. Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Yaron da aka yi wa allurar da zafi ya kashe ƙarfinta, uwarsa ta koma gida da yaƙinin an kare shi, alhali ba a kare shi ba.

Hanya ta biyu ita ce saƙon tes da takarda. Saƙon tes ba shi da launi, idan aka kwafi layin aka tura, launin ba zai isa ba, wani lokaci ma sai tarkace irin [31m ya bayyana a gaban kalma, wanda zai ƙara rikita mai karɓa. A watan Satumba na 2021 kuwa, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don yaƙi da 'yan bindiga, ko tes ɗin ma babu. Duk na'urar da ta dogara da layin waya don aika rahoto ta zama bebiya. A irin wannan hali abin da ya rage shi ne mutum ya kwafe rubutun da biro a takarda ya ba direba. Biro kuwa launinsa ɗaya ne.

Hanya ta uku ita ce manhajar da ba ta san ANSI ba. Tagar karanta saƙo da ke cikin manhajar Arduino, wadda ita ce ɗalibi zai fara buɗewa, ba ta fassara waɗannan lambobi. Tarkacen take zubowa yadda suka zo. Haka in an adana rubutun cikin fayil don a bincika daga baya, lambobin launi na shiga tsakanin kalmomi su dagula nema.

Ko inda launin ya fito, ba lalle ya fito yadda aka nufa ba. Ƙa'idar ta ce 33 ruwan ɗorawa ne, amma ba ta faɗi wane irin ruwan ɗorawa ba. A allon launi na kwamfutar IBM ta 1981, da wasu tagogi da suka gaje shi, 33 ruwan ƙasa yake fitowa. Shuɗin 34 a kan baƙi kuwa da ƙyar ake karanta shi ko a ɗaki, balle a filin burtsatse da tsakar rana, ko a allon da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Ga kuma batun suna. Abin da wani ya kira kore, wani tsanwa zai ce, a fagen tufafi kuma kore sunan riga ce da ta sha baba har ta yi baƙi tana ƙyalli. Mutum biyu na iya yin gardama a waya kan ruwan ɗorawa da ruwan goro har kati ya ƙare.

Sai kuma idon da ba ya rarrabewa. A bayan idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Idan ɗaya daga cikin biyun da ke kula da ja da kore ya samu naƙasu, launukan biyu sukan yi kama da juna. Gadon wannan yana kan ƙwayar gado ta X, shi ya sa ya fi yawa ga maza, waɗanda X ɗaya gare su. Masanin sinadarai John Dalton na Ingila ya bayyana nasa a 1794, likitan ido Shinobu Ishihara na Japan kuma ya fitar da hotunan gwajinsa masu ɗige-ɗige a 1917. A tsakanin mazan arewacin Turai abin ya kai kimanin 8 cikin ɗari. Binciken da aka yi a Afirka yakan nuna ƙasa da haka. Amma ko a ƙaddara biyu ne cikin ɗari, makarantar da ke da ɗalibai maza 500 tana da goma ke nan, kuma akasarinsu ba su sani ba, domin ba wanda ya taɓa gwada su. Daga cikinsu ne masu gyaran sola na gobe za su fito. Ja da kore, launukan da kowa ke fara zaɓa, su ne daidai waɗanda ke ruɗa su.

Darasi daga jakar ma'aikacin lafiya

Ba sai an je nesa ba don a ga yadda ake haɗa launi da wata shaida. Ma'aikatan rigakafin shan inna da suka bi ƙauyukan Isa da Sabon Birni gida-gida suna ɗauke da misali a hannunsu. Tun 1996 ake maƙala wa kwalbar maganin ɗigon baki wani ɗan tambari: da'ira mai duhu, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarta. Duk zafin da kwalbar ta sha, murabba'in na ƙara duhu. Muddin ya fi da'irar haske, magani na da kyau. Ranar da ya yi daidai da ita ko ya fi ta duhu, sai a zubar. Mai karatu ya lura: ba a tambayi kowa sunan launi ba. Haske da duhu ake gwadawa, kuma abin gwadawar yana nan kusa da abin da ake gwadawa. Mai makantar launi zai iya, wanda bai yi boko ba zai iya.

Haka ma tef ɗin awon damtsen yaro da ake gano tamowa da shi. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Uwa na ganin ja ta san a tafi asibiti. Amma lambobin suna nan rubuce a jikin tef ɗin, kuma lambar ce ake shigarwa rajista, ita ake faɗa a waya. Launi ya yi gaggawar faɗakarwa, lamba ta riƙe gaskiyar.

Wannan shi ne tsarin da ya kamata tagar umarni ta bi. Kowane layi ya fara da kalmar da ke faɗin matsayinsa, sa'an nan abin da aka auna, da iyakar da ya ƙetare, kamar haka: KUSKURE zafin firiji 11, iyaka 8. Masu ESP-IDF sun kiyaye wannan gefen, domin kowane layi nasu na farawa da harafi, E ko W ko I, ko da launi ko babu. Bayan an yi haka, sai a rina kalmar farkon, ko layin duka. Idan launin ya isa, madalla. Idan ya zube a hanya, saƙo na nan.

Zaɓen kalmar ma aiki ne, kuma a nan ɗalibin Hausa yana da abin lura da littattafan waje ba za su gaya masa ba. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin ASCII. A tsarin UTF-8 kowannensu bayit biyu ne, kuma tagar da ba a saita ba za ta mayar da su tarkace. Saboda haka GARGAƊI, duk da dacewarta, ba ta yi ba. HATTARA ta fi. To amma idan an ɗauki HATTARA, kada a haɗa ta da HATSARI, domin tsawonsu ɗaya, farkonsu ɗaya, ido mai gajiya zai musanya su, kunne ma haka a layin waya mai yankewa. KUSKURE, HATTARA, LAFIYA: harafin farko daban, sauti daban, babu lanƙwasa ko ɗaya.

Saura batun makunni. A manyan kwamfutoci shiri na iya gane ko rubutunsa allo yake zuwa ko fayil, ya janye launi da kansa, kuma tun 2017 akwai al'adar NO_COLOR da mai amfani ke hana launi da ita. Dasasshiyar kwamfuta ba ta ganin abin da ke ɗaya bakin kebul ɗin. Tana iya tambaya: ta aika ESC [5n ta ɗan jira, tagar da ta san ƙa'idar za ta amsa da ESC [0n, wadda ba ta sani ba za ta yi shiru. Idan wannan ya yi wa ɗalibi nisa, sai ya ƙara umarni biyu, "launi 1" da "launi 0". Tun da dukan saƙonni na bi ta ɗan shiri guda, kamar yadda aka ambata a baya, layi biyu ko uku ne aikin.

Da wanne na'ura za ta tashi? Da yawa za su ce da launi, don ya fi kyan gani. Ya fi dacewa ta tashi babu launi. Mai gyaran da ya san ANSI ya san yadda zai kunna cikin daƙiƙa biyu. Ma'aikacin da tarkace suka cika masa allo kuwa bai san akwai abin kashewa ba, kuma shi ne ke nesa da taimako.

Wani ƙaramin tarko da ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai da idonsu: tagar ce ke riƙe launi, ba na'urar ba. Idan batir ya yi ƙasa na'ura ta mutu a tsakiyar jan layi, kafin ta aika ESC [0m, to idan ta farfaɗo duk abin da ta rubuta ja zai fito, har da LAFIYA. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa wannan ba baƙon abu ba ne. Shi ya sa duk lokacin da aka kunna launi, abin farko da ya kamata a aika shi ne lambar komawa asali, kuma kowane layi ya rufe nasa launin kafin ya sauka.

Malamin da ke da allon Arduino ɗaya da ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan zai iya gwada duk wannan a darasi guda. Ɗalibai su rubuta shirin, su tsoma ma'aunin cikin kofin ruwan ƙanƙara su bar shi ya ɗumama. Sai a fitar da ɗalibi ɗaya bayan aji, inda ba ya ganin allo, wani kuma ya riƙa karanta masa layukan ta taga da murya ɗaya, ba ɗagawa ba saukewa, ba tare da ambaton launi ba. Na wajen ya ɗaga hannu a layin da zafi ya wuce 8. Daga nan sai su musanya wuri, a sake da shirin rukuni na gaba.